Tambaya da Amsa: Sai Na Sayi Katin Sauti Ko Na Jikin Kwamfuta Ya Isa?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na tambayoyin kwamfuta. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kamar an haɗa baki, kusan duk maganar sauti ce, wannan yace tasa tana ƙugi, wancan yace ya ƙure murya amma kamar raɗa ake masa, wata kuma muryarta ce taƙi fita a rikodin. Sai naga gara in tattaro su waje guda, don kowa cikinsu katin sauti yake shirin saya alhali ba ciwo ɗaya ke damunsu ba.

Tambaya: Salam Malam da fatan kana lafiya ya aiki. Dan Allah sabuwar kwamfuta ta tebur nake hadawa, na sayi madabod da firosesa da katin hoto saura kadan kudin hannuna su kare, sai wani abokina yace wai in ban sa katin sauti na musamman ba nayi asarar kudina domin sautin da ke zuwa a jikin madabod shirme ne. Ni dai kallon finafinai nake da sauraren karatu da wakoki sai dan gem da daddare. Gaskiya ne maganar tasa? In gaskiya ne wanne zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, aiki da godiya. Ka riƙe kuɗinka, kar ka saya, aƙalla dai ba yanzu ba. Abokin naka ba ƙarya yayi maka ba, gaskiya ya faɗa amma gaskiyar shekara ashirin da wani abu da suka wuce, kuma nasan inda ya samo ta don nima da ita na taso.

Kaga lokacin da IBM suka fito da kwamfutarsu a 1981 bata da wani sauti sai 'yar ƙaramar lasifika mai cewa tit tit in an kunna ko anyi kuskure, shikenan. Mai son kiɗa ko murya dole ya sayi kati ya buɗe akwati ya soka. AdLib ya fito a 1987, sai kamfanin Creative na Singafo suka zo da Sound Blaster a 1989 suka mamaye kasuwa, har ta kai wasannin gem na lokacin in zaka saka su sai sun tambaye ka wane kati gareka. A wancan zamanin ba gardama, babu kati babu sauti. Daga baya Intel suka kawo tsarin AC'97 a 1997 aka yawaita manna ƙaramin cip ɗin sauti a jikin madabod, kuma gaskiya na farkon nan basu da daɗin ji, ga shuuu a bayan sauti ga rashin ƙarfi, daga nan ne sautin jikin madabod yayi baƙin jinin da har yau bai gama wanke kansa ba. Amma a 2004 Intel suka maye gurbinsa da High Definition Audio abu yayi ta gyaruwa, sannan da Windows Vista ta zo Microsoft suka sauya hanyar da sauti ke bi, suka toshe ƙofar da wasanni ke miƙa aikin sauti kai tsaye ga kati ta DirectSound. Wannan shi ya karya lagon katin, domin abin tinƙahonsa a da shine yana ɗauke wa firosesa nauyi kuma shi ke yin amsa-kuwwar nan ta EAX a cikin gem. Yanzu firosesa ce ke wannan aikin, kuma ko a jikinta.

To meye ya rage masa? Aiki biyu ne. Waƙar da ke cikin kwamfutarka lambobi ne zalla, sai wani abu da ake kira DAC ya mayar da su wutar lantarki mai kaɗawa, sannan ƙaramin amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi yadda zata iya motsa hedifon. Na jikin madabod wannan aikin yake, kati ma shi yake, bambancin kawai wa ya fi yinsa da tsafta da ƙarfi. Kati baya ƙaro abinda babu a cikin fayil, in waƙar da mugun matsi aka sauke ta haka zata fito ko da me ka saurare ta.

Ka duba takardar madabod ɗinka ko shafin kamfanin da ya ƙera shi, yawanci zaka ga cip ɗin Realtek ne, wani kamfani a Taiwan. Masu sauƙin kuɗi akan sa musu ALC887 ko ALC897, manya kuma ALC1220 ko ALC4080. A takarda ALC1220 tazarar da ke tsakanin sautinsa da hayaniyar bayansa ta kai desibel 120, ƙananan basu kai 100 ba, amma fa ka sani faifan CD kansa iyakar tazararsa wajen desibel 96 ne, wato ko ƙaramin ma yana kusa da iyakar abinda kake saurara. Abinda ya fi lambar muhimmanci shine yadda aka shimfiɗa layukan a jikin allon, shi yasa zaka ga masu kyau sun ware ɓangaren sauti can gefe da wani siririn layi don kar hayaniyar sauran kayan ta shiga.

Shawarata ka haɗa kwamfutarka ka saurara sati ɗaya ko biyu, sai an gwada akan san na ƙwarai. In babu ƙugi kuma murya na isarka to baka da matsalar da kati zai magance. Ragowar kuɗin nan ka zuba su a hedifon ko lasifika masu kyau, wallahi nan ne bambancin yake. Hedifon mai kyau da mara kyau ko yaro zai rarrabe cikin daƙiƙa biyar, amma DAC biyu masu lafiya in aka daidaita ƙarfin muryarsu aka rufe maka ido da wuya ka nuna wanne ne wanne. Mutane da yawa da suke cewa sun sa kati sunji duniya ta canza, abinda ya faru shine katin ya fi ƙara, kuma kunne duk abinda ya fi ƙara kaɗan sai ya ɗauka ya fi daɗi, ga kuma manhajar katin da takan zo an riga an ɗaga mata bes. In wannan kake so akwai manhajar Equalizer APO, kyauta ce, zata ɗaga maka bes ɗin akan na jikin madabod.

Tambaya: Malam barka da kokari. Ni hedifon dina wani zuuu yake yi da tsiit tsiit ko ba abinda nake kunnawa, in na motsa maus ko na bude gem sai abin ya karu har kaina yake ciwo. Na canza hedifon duk daya. Na yanke shawarar sayen katin sauti na ciki, wanne kake ganin zai kashe karar gaba daya?

Amsa: Yawwa, kai kam kana da matsala ta gaske kuma na tausaya maka, don wannan ƙarar tana hana mutum sakewa. Amma tsaya tukuna kar a bar jaki a daki taiki. Baka faɗa min inda kake soka hedifon ɗin ba, kuma zan iya cewa a gaban akwati ne. Zare shi yanzu ka zagaya baya ka soka a koren ramin nan na jikin madabod, ka saurara. Ramin gaba wata doguwar siririyar waya ce ke kai masa sauti daga ƙasan madabod, takan bi ta gefen katin hoto da wayoyin wuta, kuma a akwatuna da yawa bata da wata kariya ta kirki, sai ta zama kamar eriya tana kwasar duk hayaniyar da ke ciki. Nima ya taɓa faruwa dani, na sayi kati na saka na jona masa wayar gaban nan, ƙarar tana nan daram, ranar raina ya ɓaci sosai don kuɗin ba kaɗan bane a wajena. Sai daga baya na janye wayar daga jikin katin hoto na bi da ita ta bayan allo, ƙarar ta ɗauke.

Kuma ka lura da irin ƙarar don kowacce da uwarta. Tsiit tsiit mai canzawa in ka motsa maus ko gem ya ɗau zafi, wannan hayaniyar katin hoto ce da layukan wuta take kutsowa. Huuum mai kauri da bata canzawa, wadda tafi fitowa a lasifika masu nasu filogi, wannan bugun wutar gida ne mai kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da mutum yake, yawanci tana zuwa ne in kwamfuta na soket ɗaya lasifika na wani, sai ɗan bambancin da ke tsakanin layin ƙasansu ya biyo ta wayar sauti. Maganinta ka jona su duka a waje ɗaya, in taƙi akwai 'yar na'urar raba layin da ake sawa a tsakiyar wayar sautin. Abu ɗaya nake roƙonka, kar ka bari wani yace ka karya ƙafa ta uku ta filogi, eh ƙarar zata iya tafiya amma wannan ƙafar ita ke tsare ka ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfen akwati, rai ya fi sauti. Sai shuuu mai laushi kamar iska, ita kuma sau da yawa ƙarin ƙarfin makirfo ne aka ɗaga a saitin Windows kuma aka bar shi yana dawo maka a kunne, ka shiga ka sauke. Mai laftof shi gwajinsa ma yafi sauƙi, ya zare caja, in ƙarar ta tsaya to cajar ce.

In duk kayi wannan bata tafi ba sai a zo maganar saye, amma ba na ciki zan ce ka saya ba. Ka duba fa, katin ciki a ramin PCIe zai zauna, wato ramin soka kati na jikin madabod, maƙwabcin katin hoton da ke damunka, wuta ɗaya suke sha, masu tsada suna da murfin ƙarfe na kariya amma duk da haka ka kai shi gidan hayaniyar ne. Ƙaramin DAC na USB shi a waje yake juya lambobin su zama sauti, nesa da rikicin, kuma gobe in ka canza kwamfuta ko ka koma laftof ka tafi da abinka. Wani lokacin hayaniyar kan biyo wayar USB ɗin ita ma, to in madabod ɗinka na da ramin wayar haske sai ka nemi DAC mai karɓarta, ita haske take ɗauka ba wuta ba, babu ta inda ƙugi zai bi.

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni ina karanta labarai ne ina dorawa, na tara kudi na sayi makirfo irin na situdiyo mai kafa uku a gindi, aka hado min da wayar da ke shiga ramin ruwan hoda na kwamfuta. Amma muryata can kasa take fita, in na daga sai shuuu ya rufe ta, kuma in na sa hedifon ina jin muryata tana zuwa a makare har sai na rikice. Makirfon ne jabu ko katin sauti zan saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Duk cikin masu tambayar yau ke ce na jikin madabod bazai taɓa isarki ba, kuma ina ganin makirfonki lafiyarsa ƙalau, wuta ce baya samu. Irin wannan makirfo mai ƙafa uku da ake kira XLR, in nau'in da ake kira kondensa ne yana buƙatar wuta bolt 48 kafin yayi aiki yadda aka ƙera shi, shi kuwa ramin ruwan hodar nan 'yan bolt kaɗan yake bayarwa don ƙananan makirfon hira akayi shi. Kuma in a wajen fitar da sauti na jikin madabod ya kamo kati, to a wajen ɗaukar murya har yau yana baya sosai, don nan ne kamfanoni suka fi tsuke hannu.

Abinda zaki nema shine akwatin da masu situdiyo ke kira odiyo intafes, shima katin sauti ne amma na waje, ta USB ake jona shi. Focusrite Scarlett da Audient iD4 da Behringer UMC duk wannan dangin ne, mai rami ɗaya ya ishe ki tunda ke kaɗai kike magana. Ki tabbata yana da maɓallin 48V, sannan ki ajiye wayar da aka haɗo miki ki sayi mai XLR kai da kai, ita an tsara ta ne yadda hayaniyar da ta kwaso a hanya zata soke kanta in ta iso. Ki kula fa da ƙananan akwatunan nan masu fitilu da maɓallin tafi da dariya da ake sayarwa masu laif da sunan katin sauti, da yawansu basa bada 48 ɗin, kar ki sake kashe kuɗi a banza.

Maganar makarar murya kuma, ga yadda take. Kwamfuta bata ɗaukar sauti ɗigo ɗigo, sai ta tara shi a ɗan ma'aji sannan ta miƙa, in ma'ajin na ɗaukar ɗigo 256 kuma ana ɗaukar 48,000 a daƙiƙa kinga an makara milisakan 5 da ɗan ɗori a shiga, haka kuma a fita, sannan hanyar Windows ta yau da kullum ta ƙara nata mai yawa a kai, shine kike jin kanki kamar wata na maimaita miki. Intafes yana zuwa da direba mai suna ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg ya ƙirƙiro, wanda ke tsallake wannan dogon layin, kuma yawancinsu akwai maɓallin da zai juyo miki muryarki kunne kai tsaye tun kafin ta shiga kwamfuta, babu makara ko kaɗan.

Da tun farko kika tambaye ni da sai ince ki sayi makirfon USB kawai, shi komai na cikinsa. Amma tunda kin riga kin mallaki wannan ki cika masa kayansa, nan gaba sai kin fi jin daɗinsa. Sannan ki sani kondensa kunne gareshi, zai kwaso fanka da amsa-kuwwar bango, ki matso kusa dashi kamar tazarar tafin hannu, ki zaɓi ɗaki mai labule da katifa da kaya, wannan gyaran sai yafi miki canjin akwati tasiri.

Tambaya: Oga na riga na sayi katin mai tsada na saka don in rika jin takun abokan gaba a gem, hedifon dina na USB ne mai 7.1, amma wallahi ban ji wani bambanci ba ko kadan. Saiti ne ban iya ba?

Amsa: Kayya ɗan'uwa, ba saiti bane, sautinka ko ta cikin katin baya bi. Duk hedifon da ke shiga ta USB yana da nasa DAC da amfilifaya a ciki, a wajen kwamfuta shi kansa katin sauti ne, lambobi kawai take tura masa. Haka na Bluetooth, haka in sautinka ta HDMI ko DisplayPort yake tafiya zuwa talabijin ko allo, katin hoto ne ke miƙa shi can a juya. A duk waɗannan ko ka sa katin da yafi kowanne tsada zaman banza zaiyi. In ana karɓar mayarwa ka mayar, in ba'a karɓa to sai ka nemi hedifon mai filogin 3.5 ka soka a jikinsa don ka ci moriyar kuɗinka.

Shi kuma 7.1 ɗin nan, kusan duk hedifon da aka rubuta wa haka lasifika biyu ne a ciki, dama da hagu, sauran lissafi ne. Kunnenka biyu ne ai amma kana gane ƙarar da ta fito ta baya, saboda sauti na riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan kuma siffar kai da fatar kunne na ɗan canza shi, wannan ake kwaikwaya da manhaja, sunansa HRTF. Windows 10 da 11 suna da Windows Sonic kyauta, akwai Dolby Atmos na hedifon na kuɗi, wasanni irin Valorant kuma suna da nasu a cikin saiti. Ɗaya zaka kunna, in ka haɗa na gem da na hedifon da na Windows lokaci guda sai su cakuɗe, takun da kake nema ya ɓace maka gaba ɗaya. Ni a gem ɗin da ke da nasa, nasan nake bari in kashe sauran.

Tambaya: Malam na sayi Beyerdynamic DT 770 Pro mai ohm 250 saboda yabon da ake masa, amma na kure murya dari bisa dari kuma sautin ba karfi, bes din ma kamar babu.

Amsa: Hedifonka mai kyau ne malam, abinda ke tura shi ne bai kai ba. Shi DT 770 Pro ana yinsa kala uku sanannu, ohm 32 da 80 da 250, kai ka ɗauko wanda akayi don kayan situdiyo. Duk sanda ohm, wato ma'aunin turjiyar da hedifon ke yi wa wuta, yayi yawa hedifon na buƙatar bolt mai yawa kafin ya buɗe murya, irinsu Sennheiser HD 600 mai ohm 300 ma haka suke, ƙananan cip kuwa da hedifon ohm 32 aka auna su. Kafin ka sayi komai ka gwada ramin gaba da na baya duka, domin wasu madabod ɗin rami ɗaya kawai suka ba amfilifayan hedifon, sannan ka buɗe manhajar Realtek ka duba ko akwai wajen ɗaga ƙarfin tura hedifon, masu ALC1220 da yawa suna dashi har suna gane ohm ɗin da kansu. In babu to kai kam kana cikin masu buƙata, ka nemi DAC na USB mai amfilifaya a haɗe, ko amfilifaya zalla ka jona a koren ramin baya in dai sautinsa tsaf yake, ko kati irin Sound BlasterX AE-5 na ciki ko G6 na waje, duk an yi su da ƙarfin tura irin naka.

Bari in ƙara wani abu don masu ƙananan iyafis, su akasin haka ke samunsu. Ramin da kansa yana da nasa ohm, kuma ƙa'idar da aka saba bi itace kar ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na hedifon, to ramukan madabod da yawa nasu gommai ne, shi yasa iyafis mai ohm 16 kan canza murya a kwamfuta alhali a waya daɗinsa ƙalau. 'Yar adaftar USB-C zuwa 3.5 irin ta Apple ta isa ta gyara wannan, akwai DAC a cikin ɗan kan nata.

Tambaya: Naga wani kati an rubuta 32 bit 384kHz, nawa kuma 48kHz yake nunawa, kenan nashi ya ninka nawa sau takwas a kyau?

Amsa: A'a sam. Ƙa'idar itace adadin ɗaukar sauti a daƙiƙa, wato abinda kHz ɗin nan ke nunawa, ya ninka mafi siririn sautin da ake son kamawa sau biyu, kunnen ɗan adam kuma iyakarsa wajen 20kHz ne, shima a ƙuruciya, yana raguwa da shekaru. Kenan 44.1kHz na CD da 48kHz na bidiyo sun riga sun rufe duk abinda zaka iya ji. 24 bit yana da amfani wajen rikodin don yana ba mutum sarari kar murya ta fashe, amma a saurare ka saita 24 bit 48kHz ka manta da zancen.

Tambaya: Ranka ya dade sautin kwamfutata ya dauke gaba daya tun jiya, ina da wani tsohon katin Sound Blaster a ajiye tun da dadewa, in saka shi? Lasifikuna masu filogi uku ne kore da baki da ruwan lemo.

Amsa: Tare da naka yallaɓai. Kafin ka yanke cewa na jikin ya mutu ka danna alamar lasifika a ƙasan allo ka ga ina sautin yake tafiya, sau da yawa bayan sabunta Windows ko direban katin hoto sai ya koma ta HDMI zuwa allon da ko lasifika bashi da ita. Sai ka shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka tabbata HD Audio a kunne yake, sannan ka sauke direba daga shafin kamfanin madabod ɗin ka sake sakawa. In duk bai dawo ba to ya mutu ɗin, yana faruwa.

Tsohon katin kuma ka dubi ƙafarsa, in doguwa ce irin ta PCI to yawancin madabod na yanzu basu da raminta, PCIe suke dashi kuma basa shiga juna, ko ya shiga ma samun direbansa a Windows 10 ko 11 wani aikin ne. Da lasifika biyu gareka da adaftar USB ta gama maka, sokawa kawai zakayi Windows ta gane ta. Amma naka 5.1 ne na gaske mai waya uku, kore na gaba, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da bes, ƙananan adaftoci kuma rami ɗaya suke fitarwa, don haka kai sabon katin PCIe mai waɗannan ramukan shi ya dace da kai, ko akwatin USB da aka rubuta yana fitar da 5.1 ta waya uku. In na cikin ka ɗauka ka kashe kwamfutar ka zare filogi tukuna, ka soka shi a ramin da yafi nisa da katin hoto don kar ya tare masa iskar fanka, sannan ka koma BIOS ka kashe na jikin madabod ɗin don kar Windows ta riƙa ruɗewa tsakaninsu.